Hannun da Kabo Mai Tsire Ya Miƙa

Garba Kabo ba ya murmushi, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba. Duk wanda ya zauna a unguwar Hindawiyya ta Makka a shekarun da yake gasa tsire a bakin layinsu ya san wannan. Ka yi masa sallama zai amsa, tunda wajibi ne, amma idonsa na kan nama. Ka ce yaji ya yi yawa, sai ya nuna maka titi da bakin wuƙa, ya ce mai shawarma yana gaba. Matarsa Rumasa'u ta taɓa ce masa, "Abu Majid, ranar da aka kawo ni gidan nan, ƙawayena sun ɗauka an yi muku rasuwa."

Ya ce, "Wa ya ce miki ban ji daɗi ba? Fuskar ce haka. In wata kike so, ba ni da ita."

Kakansa ne ya taso daga garin Kabo a ƙasar Kano, yana tafiya yana tsayawa noma a hanya, ya ratsa Sudan, ya ƙetare teku, ya sauke farali, bai koma ba. Sunan garin ya bi 'ya'ya da jikoki. Shi Garba a Hindawiyya aka haife shi: Larabci a titi, Hausa a tsakar gida, faɗa kuwa da duk harshen da ya riga zuwa bakinsa. Sana'ar gida ya gada, tsiren nan da Makkawa ke kira siriya, har wasunsu na rantsuwa nasu ne tun asali.

Amma kafin a san shi da wuƙa, da sanda aka san shi. A ƙuruciyarsa shi ne gaban samarin unguwarsu a mizmar, wasan nan na mutanen Hijaz da ake hura wuta a tsakiyar fili, a yi da'ira ana kiɗa da tafi, maza biyu su shiga suna juya sanda mai kauri da ake kira shun. Wasa ne, muddin kowa ya jira layinsa. In wani ya kutsa ba a kira shi ba, ko ya bugi sandar wani da gangan, to wasa ya ƙare.

Wata Sallah, bayan magariba, Kabo ya ja samarinsa zuwa unguwar Misfala ba tare da an gayyace su ba. Ya tarar da Munzali a tsakiyar fili, wani dogon saurayi da iyayensa suka zo ta Chadi. Kabo ya shiga, ya doke sandarsa ta faɗi a gaban mutanen unguwarsa. Munzali ya ɗauka ya kai masa duka. Rabi'u, ƙanin Kabo, ya shiga tsakani, sandar ta same shi a ka. Bai sake magana ba har ya cika. Ya bar uwa, ya bar mata, ya bar jariri mai suna Hudaifa.

Kabo bai taɓa musun cewa shi ya fara ba. A gaban alƙali ma haka ya faɗa. Sai dai a ganinsa fara tsokana daban, kisa daban.

Alƙali ya yanke ƙisasi. Amma jinin mamaci haƙƙin magadansa ne, kuma ba a zartarwa sai kowane magaji ya buɗe baki ya nema. In akwai ƙarami a cikinsu, sai a jira ya girma. In kuwa mutum ɗaya daga cikinsu ya yafe, ko da tsohuwa ce, hukuncin kisa ya faɗi gaba ɗaya. Haka Munzali ya zauna a kurkuku yana jiran jariri ya girma ya yanke masa.

Rumasa'u tana amarya aka yi wannan. Ta ga yadda mijinta ya ɗauki Hudaifa, ya riƙe shi fiye da yadda ya riƙe Majid, ɗan da ta haifa masa daga baya. Kullum da yamma sai ya zaunar da yaron a benci, ya zaɓo masa tsinken da ya fi laushi, ya ce, "Ci, ya walad. Ci ka girma. Akwai mai jiranka."

Ta ce masa, "Yaro ne fa."

Ya ce, "Shi ya sa nake faɗa masa tun yanzu."

Duk watan azumi uwar Munzali takan zo da dattawan Misfala neman afuwa. Kabo yakan fito, ya amsa sallama, ya rufe ƙofa. Tsohuwar ba ta fasa zuwa ba, shi ma bai fasa rufewa ba.

A 1993, a talabijin ɗin gidan shayin da ke kusa da rumfarsa, aka nuna Firayim Ministan Isra'ila na lokacin da shugaban Falasɗinawa sun yi musafaha a Amurka. Masu shan shayi suka yi ta surutu, wasu na zagin wannan, wasu na zagin wancan, wasu na zagin duka biyun. Kabo ya tsaya da tsinke a hannu har nama ya fara ƙonewa. Da ya koma gida ya ce wa Rumasa'u, "Kin ga Bayahuden nan? Ba ya so. Sai da ya yi jim kafin ya miƙa hannun."

"To me ya kai shi?"

"Oho. Tsohon soja ne, tun yana saurayi yake yaƙi. Musulmi da yawa sun mutu a hannun rundunarsa, ni ba na ƙaunarsa ko kaɗan. Amma fuskar nan na san ta. Irin tawa ce."

Ta ce, "Allah Ya kyauta, yanzu kuma a can ka samo ɗan'uwa."



Bayan shekara biyu labari ya zo an harbe mutumin a wurin wani gangamin neman zaman lafiya, kuma wanda ya harbe shi saurayi ne daga cikin mutanensa, wanda yake ganin an sayar da su. A gidan shayi wani ya ce su ƙarata can. Kabo ya ce, "Mutum ya haura saba'in, ya ga yaƙi iri-iri bai mutu ba. Ranar da ya ce ya isa, ranar aka kashe shi. Kuma ba maƙiyinsa ba." Aka ce masa to sai me? Ya ce, "Sai babu. Wa ke son tsire?"

A cikin sanyin shekarar nan ne ya je Harami sallar la'asar. Aka yi kiran sallar gawa, aka sallata, aka fito da makara ana sauri kamar yadda aka saba. A Makka ba a tambayar gawar wa ce kafin a sa kafaɗa. Kabo ya ga wata makara masu ɗaukarta ba su da yawa, sai ya kama gefe. Ba ta da nauyi. Ya shiga mota tare da su har maƙabarta. Da aka zo saka ta, aka duba babu ɗa, babu ɗan'uwa, sai wani ya ce, "Kai mai ƙarfi, sauka." Ya sauka, ya karɓe ta, ya kwantar da ita, ya juya fuskarta alƙibla. Sai da ya fito yana kaɗe jallabiya ya tambayi na kusa da shi.

Mutumin ya ce, "Wata tsohuwa ce daga Misfala. Ɗanta ɗaya ne, yana kurkuku tun da daɗewa, ana jiran ƙisasi."

Rumasa'u tana tuna yadda ya shigo gida da ƙasa a gwiwoyinsa. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Ya ce, "Na sa uwar Munzali a kabari da hannuna."

Ta yi salati, ta jira.

"Matar nan ta yi ta zuwa ƙofata. Ko ruwa ban taɓa ba ta ba."

Bai yi kuka ba, bai kuma ce ya yi nadama ba. Ya dai daina cewa Hudaifa ya ci ya girma. Bayan 'yan makonni ya fara zama wurin mahaifiyarsa, Inna Maryama, yana lallashinta da irin nasa lallashin, wanda ya fi kama da faɗa. Ya ce mata kisan Munzali ba zai dawo da Rabi'u ba, kuma sandar nan shi Garba aka auna. Tsohuwar ta gaji da ɗaukar abin a ranta tun tuni. Ta ce ta yafe don Allah.

A nan ne ya yi kuskuren da ya kashe shi. Hudaifa ya kusa kai shekarun da kotu za ta kira shi, kuma Kabo ya san abin da zai faɗa, tunda shi ya sa masa a baki. Sai ya yanke shawarar ya riga shi.

Rumasa'u ta ce, "Ka faɗa wa yaron nan tukuna."

"In na faɗa masa zai ƙi."

"To ya ƙi a gabanka. Ya zage ka ma in ya so. Ubansa aka kashe."

"Umm Majid, shari'a ta ce mutum ɗaya ya isa."

"Shari'a ba ita za ta kwana gida ɗaya da shi ba."

Bai ji ba. Wata safiya, Hudaifa yana makaranta, ya sa Inna a tasi ya kai ta kotu. A titi Hudaifa ya ji labari, daga bakin samarin da suka yi masa dariya. Ya kwashe kayansa ya koma wurin dangin uwarsa. Bai sake cin komai daga hannun baffansa ba.

Da aka saki Munzali, dattawan unguwannin biyu suka shirya sulhu a gaban rumfar tsire, a ci daga faranti ɗaya kamar yadda ake yi. Munzali ya fito da furfura, haƙoransa sun zube, ya nufi Kabo zai sumbaci kansa. Kabo ya ja da baya, ya ce, "Ya isa. Hannu kawai." Ya miƙa, fuskarsa kamar an ba shi maɗaci. Rumasa'u tana leƙe ta taga, sai ta tuna abin da ya gani a talabijin. Ta ce a ranta, musafahar ya gani, harsashin bai gani ba.

Wasu tsofaffin abokansa na mizmar suka daina zama a bencinsa, suna cewa ya sayar da jinin ƙaninsa, alhali ko shayi bai karɓa a kai ba. Wasu kuma suka fara kiransa duk lokacin da samari suka yi rigima, domin an san ba ya tsoron kowa kuma ba ya neman a so shi. Yakan je, ya zagi ɓangarorin biyu daidai wa daida, ya sa su gaisa, ya dawo kan gasasshensa. Da ya ga babu mai ɗaukar Munzali aiki, sai ya ba shi kawo gawayi. Ba sa hira. Munzali ya ajiye buhu, Kabo ya ɗaga masa kai, shi ke nan. A tsakanin nan Inna ta rasu, Rumasa'u kuma ta haifi autarta Raghad.

Wata yamma bayan la'asar, Kabo yana hura wuta, Majid yana jera nama a tsinke, Munzali ya shigo da buhu a kafaɗa. Sai ga Hudaifa. Ya zama cikakken saurayi. Ya dubi Munzali, ya dubi buhun, ya dubi bencin da ya girma a kai.

Ya ce, "Baffa, kai ne ka ce in ci in girma."

Kabo ya ce, "Ni ne."

"To na girma."

Wuƙar tana kan katako. Hudaifa ya ɗauka, amma ba Munzali ya nufa ba, baffansa ya soka wa. Majid yana tsaye, hannunsa duk garin ƙuli, ya ga komai. Munzali ne ya yar da buhu, ya danne ciwon da rawaninsa, ya ɗauki Kabo a baya har bakin titi.

Kabo ya kai washegari a asibiti. Da jami'in 'yan sanda ya zo ya tambaye shi ko ya yafe, ya kawar da kai, ya ƙi cewa ya yafe. Rumasa'u ta yi mamaki, har ta ji haushi. Bayan mutumin ya fita ta ce, "Ka yafe wa bare, ka kasa yafe wa ɗan ƙaninka?"

Ya ce, "In na yafe a nan, na ƙwace wa Majid kamar yadda na ƙwace wa Hudaifa. Kin taɓa faɗa mini, ban ji ba."

Ya yi mata wasiyya, gajeriya, da ƙyar take fita. Jigonta shi ne kada ta yafe ita kaɗai a ɓoye, ta jira 'ya'yanta. Kafin azahar ya cika.

Aka yanke wa Hudaifa ƙisasi. Magada huɗu ne: Rumasa'u, da Majid, da ƙanwarsa Wafa, da Raghad da ke goye. Sai aka koma jiran jaririya ta girma.

Rumasa'u ta san tana iya gama komai a safiya ɗaya. Tasi ɗaya, kalma ɗaya. Uwar Hudaifa ta zo ta durƙusa mata, ta ce, "Ke kaɗai kin isa, Yaya." Ta ce, "Na sani." Matar ta yi kuka, ta yi roƙo, daga baya ta koma tsinuwa. A gidajen biki aka riƙa cewa Rumasa'u ta gaji zuciyar mijinta ta dā. Ba ta kare kanta ba. Gaskiya kuma ba son Hudaifa take ba. Ta yi masa wanki, ta yi jinyarsa lokacin ƙyanda, ya mayar da ita bazawara da goyo. Ta kuma san cewa ko an yafe, hukuma tana da nata shekarun da za ta riƙe shi, amma duk abin da ya ɗoru a kan waɗannan, jiran da take yi ne ya jawo. Ƙuruciyar mutum tana ƙarewa a ɗaki saboda ita. Ba ta taɓa gaya wa kanta cewa wannan ƙaramin abu ba ne.

Ran Hudaifa yana hannunta. Abin da ba ya hannunta shi ne Majid, da abin da zai yi ranar da Hudaifa ya taka titi.

Wafa ba ta ba da wahala ba, tun kafin ta yi aure ta ce ta bar wa Allah. Raghad ta tashi ba ta san ubanta ba sai a hoto, kuma a hoton ma yana harara. Majid ne dutse. Ya gaji sana'ar, ya mayar da ita shago mai gilashi a unguwar Shisha, ya rataye sandar ubansa a bango. Shi yana yi wa masu saye murmushi, amma da uwarsa ta ce, "Babanka ya ce," sai ya miƙe, ya ce, "Khalas, ya Ummi," ya ɗauki makullin mota. Shekara da shekaru bai bari ta kai ƙarshen zancen ba.

Wata rana suna zaune a falonsa, talabijin ya nuna masu taron tunawa da wancan shugaban da aka harbe, sai kuma aka shiga labarin gidajen da aka rusa da gawarwakin yara. Majid ya san labarin ubansa da musafahar, duk gidan an sani. Ya nuna talabijin da haɓa.

"Ga sulhun mutumin Baba nan. Shi an kashe shi, su ana kashe su. Me ya haifar?"

Ta ce, "Ban san na can ba, ban je ba. Na nan na sani. Tun ranar da ubanka ya miƙa hannu, ba a sake ɗaukar gawa tsakanin gidanmu da gidan Munzali ba."

"An ɗauka mana. Ta Baba."

"Wannan daga cikin gida ta fito."

Ya kashe talabijin.

Abin da ya ƙare haƙurinta ya faru a shago. Ta biya ta wurin da yamma za ta karɓi saƙo, ta tarar Majid ya ɗora ɗansa Rakan a kujera, yana ɓare masa nama daga tsinke. Ta ji yana ce masa da Larabci, ya ci ya yi ƙarfi, ya kuma riƙe sunan wanda ya kashe kakansa. Yaron yana tauna yana gyaɗa kai.

Ta jira har masu saye suka ragu, ta kira shi bayan shago, ta yi masa magana da Hausa, harshen da take masa faɗa da shi tun yana ƙarami.

"Maganar nan da ka faɗa wa yaron nan, na taɓa jin ta. Ubanka ya yi ta faɗa wa Hudaifa, a benci, da tsinke a hannu. Kana wurin, kai ma kana ci."

"Ummi, ba ɗaya ba ne."

"Har tsinken ɗaya ne."

Ya koma gaban shago. Amma ba ta sake jin ya faɗa ba.

Da Raghad ta kai shekarun balaga, kotu ta sa rana, ta kira magada. Ana gobe za a je, Rumasa'u ta sa Wafa ta kai ta Shisha. Ta sami Majid yana yanka nama. Ba ta zauna ba.

"Gobe zan yafe. Na zo in faɗa maka yau, a fuskarka, don kada ka ji a titi. Zan roƙi alƙali ya fara da kai. Ka faɗi abin da ke ranka, ni zan faɗi nawa a bayanka."

Ya ajiye wuƙar. "To me amfanin maganata? Kin riga kin gama."

"Da gamawa nake so, da na gama tun kana sakandare. Ka ɗauka daɗi nake ji ana zagina a gidan biki? Kai nake jira."

"Na ga lokacin da ya soka masa, ya Ummi. Ke ba ki gani ba."

"Ban gani ba. Ni na wanke rigar."

Daga gaban shago ana kiran a kawo yaji.

Ta ce, "Ba ransa na zo roƙo a wurinka ba, wannan yana hannuna. Naka nake roƙo. Zai fito, Majid. Wata rana za ka gan shi a titi. Ni na tsufa, ba zan iya wani jiran ba, a ce Rakan ne a benci, kai kuma a kurkuku."

Ya ce, "Ki tafi gida. Zan zo in ɗauke ku."

Ya zo a kan lokaci. A kotu aka shigo da Hudaifa da kayan kurkuku, ya rame, gemunsa ya yi fari. Rumasa'u ta ɗaga ido sau ɗaya ta sauke, domin goshin da girar duk na gidan Kabo ne. A bencin baya akwai wani tsoho mai sanda, Munzali. Shi ne ya riƙa ziyartar Hudaifa duk tsawon shekarun nan. Da farko Hudaifa ba ya fitowa, daga baya ya fara fitowa.

Alƙali ya karɓi roƙonta, ya fara da babban ɗa. Ya tambaye shi: ƙisasi ko afuwa?

Majid ya miƙe tsaye. Rumasa'u tana jin numfashinsa. Ta riƙe bakin mayafinta, ta shirya wa ko wanne.

Ya ce, "Ya Shehu, zuciyata ba ta huce ba, ba zan yi ƙarya a nan ba. Amma na janye. Don Allah."

Alƙali ya ce, "Ba tilas, ba sharaɗi?"

"Ba tilas. Sharaɗi ɗaya, kada wani ya ce in rungume shi."

Wafa ta yafe, Raghad ta yafe, Rumasa'u ce ta ƙarshe. Hudaifa ya sulale ƙasa yana kuka, ya rarrafo zai kama ƙafar Majid. Majid ya ja da baya. Ya tsaya jim, sannan ya miƙa hannu, fuskarsa a ɗaure. Daga bencin baya Munzali ya ce, "La ilaha illallah. Garba ke nan."

Hudaifa ya fito bayan wasu watanni. Yanzu tasi yake ja, ya auri wata bazawara a Misfala. Shi da Majid ba abokai ba ne, kuma babu alamar za su zama. In sun haɗu a jana'iza sukan gaisa. Duk Babbar Sallah Majid yakan aika musu da tsire, ba ya kai wa da kansa. Sandar tana nan a bangon shago, Rakan ya ɗauka ado ce. Rumasa'u har yau ba ta ce mijinta waliyyi ba ne. Takan ce mutum ne da ya kunna wuta da hannunsa, ya zo kashewa ya yi gaggawa.

Amma a ranar, da suka fito daga kotu, Majid ya shiga mota bai tayar ba. Ya riƙe sitiyari, yana kallon gaba. Rana ta take, 'yan matan suna zaune a baya.

Ya ce, "Ummi, me ya ce? A asibiti. Faɗa mini yadda ya faɗa."

Ta gyara zama. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har da kaushin muryar.

"Ki gaya musu ni na jawo. Kada kowa ya yafe a bayan idon wani, ki jira su ko za a daɗe. Ki ce wa Majid ba sai ya so shi ba, ba sai ya yi murmushi ba. Ya miƙa hannu kawai, ya bar yaron nan ya tafi gida."